Yadda Igiyar Babur Ta Cinye Zanen Kawu Tarjuki

A garin Karangsari babu wanda bai san Tarjuki ya yi shekara goma sha ɗaya a jirgin ruwa ba, domin shi da kansa bai bar kowa ya manta ba. In ana zancen farashin albasa sai ya sako jirgi. In an je gaisuwar rasuwa, kafin shayi ya huce ya kai mutane tekun Taiwan ya dawo da su. Matarsa Wasriah ce kaɗai ta san ainihin aikin da ya yi a jirgin, ta kuwa sha faɗa a gaban jama'a: ferayar dankali da wankin tukwane. Shi dai cewa yake wannan hassada ce irin ta wanda bai taɓa hawa ko kwale-kwale ba.

Ana nan sai ɗan ƙanwarsa Casmadi ya tashi aure. Shekara uku yana suya da wanke kwanuka a wani gidan abinci a Jakarta, yana kwana a kan benci, har ya samu ya sayi babur sabo fil, ja wur, irin mai fili a gaba, don a sa a kayan lefe. Ko ledar sirdi ba a cire ba. Uban amarya kuwa, Haji Sodikun na Wanasari, dillalin albasa ne, mutumin da ke hango ruɓaɓɓiyar albasa guda a tsakiyar buhu. Ranar lefen babbar 'yarsa ya sa an mayar da kabad saboda wata 'yar tsaga a jikin madubi, har yau dangin wancan angon ba sa iya ɗaga kai a kasuwa. Saboda haka abu ɗaya ne ke hana Casmadi barci: babur ɗin nan ya isa ƙofar gidan Haji babu ƙwarzane ko ɗaya.

Ranar ɗaurin aure da sassafe aka jera kaya a ƙofar gida, kabad da katifa da tukwane, tiren ƙwai mai gishiri, da akuya guda da aka rataya wa furen takarda a wuya. Carsiwan direba ya kawo a-kori-kurarsa, ya fito da igiyarsa ta kullum zai fara aiki.

"Ajiye wannan," in ji Tarjuki.

Ya fito cikin farar riga da baƙar hula da sabon sarung, zanen nan na maza, kore mai ratsin ruwan zinare, yana ƙamshin kanti. A hammatarsa akwai igiyoyin bel guda huɗu masu ruwan lemo, kowacce da ƙugiya a baki, da wani ƙarfe mai haƙora mai hannu a tsakiya. Jiya ya sayo su a birnin Tegal.

"Pak Tarjuki, shekara goma sha biyar ina ɗaukar babura," in ji Carsiwan, Pak kuwa a can kamar a ce Malam ne.

"A kan kwalta. Ni na ɗaure kaya a inda ƙasar ma motsi take yi. Igiyar ruwa tsawon wannan bishiyar kwakwar, kaya ko gezau."

"Tukwanen yake nufi," in ji Wasriah daga bayan mata.

Casmadi ya matso yana murza hannu. "Kawu, ka taɓa aiki da irin wannan igiyar? Na ga akwai takardar bayani a ledar."

"Takarda? Ta mutanen da ba su taɓa fita teku ba ce. Na ba akuya."

Ba wasa yake ba, ga akuyar can tana taunar ragowar.

Aka jingina katako a bayan mota. Tarjuki ya hau bodi yana ba da umarni kamar mai sauke kaya a tashar jirgi, maza huɗu suna turo babur. "Dama! Na ce dama! Dama tawa, ba taku ba!" Yana ja da baya yana ɗaga hannu, sai ji aka yi ƙus, ƙus. Ya taka tiren ƙwai da ƙafa biyu.

"Innalillahi! Ƙwai talatin!" in ji wata gwaggo.

"Dama sai an fasa ake ci," in ji Tarjuki, yana goge diddige a jikin katifa.

Babur ya hau lafiya. Ya shiga ɗauri, bakinsa bai huta ba. Ya maƙala ƙugiya ta farko, ya kama hannun ƙarfen ya yi ta ɗagawa yana saukewa, ƙaras-ƙaras-ƙaras, igiya ta miƙe ta yi tauri. Shi kansa abin ya ba shi mamaki, amma bai nuna ba. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Ta huɗun ce ta zo daidai lokacin da labari ya kai inda kyaftin ya rungume shi yana kuka. Ya zura hannu ta gefen mota, idonsa na kan jama'a, ya lalubo wani ƙarfe ya maƙala, ya ja ta yi tam.

"Carsiwan, ɗan ja gaba mutane su ga aiki."

Carsiwan ya ja gaba taku biyu. Ashe ƙarfen da Tarjuki ya lalubo ba na mota ba ne, turken rumfar biki ne da motar ta tsaya a jikinsa. Turke ya tumɓuke, tampol ya rufto, duk ruwan saman da ya kwanta a kansa tun jiya ya juye a kan masu mandiri su shida da ke zaune a ƙasa suna ɗumama fata. Babur ya yi wani layi, Casmadi ya yi tsalle ya rungume shi kamar uwa ta cafe jariri.

Shugaban masu mandiri ya rarrafo daga ƙarƙashin tampol, hula a hannu tana ɗiga. "Pak Tarjuki, gayya aka yi mana ko wanka?"

"Kun dai ga ƙarfin igiyar," in ji Tarjuki. "Rumfa guda ta ja. Wace igiya ce a garin nan za ta yi haka?"

Casmadi ya zagaye babur ɗin yana shafawa, fuskarsa ta yi fari. Babu abin da ya same shi. Ya ɗago a hankali. "Kawu, don Allah, ka bar wa Carsiwan."

Maganar ta soki Tarjuki, domin yana son yaron nan tsakani da Allah, shi ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Amma ga mutane sun kai hamsin suna kallo. "Kai dai je ka gyara hularka, ango ba ya aiki."

Lokaci kuwa yana tafiya. Malamin ɗaurin aure ya ce ƙarfe goma daidai, domin yana da wasu aurarraki uku a gaba. Carsiwan ya duba agogo ya yi tsaki. "To in ba za ka bari ba, ka hau ka zauna a kai, nauyinka ya danne shokozoba, sannan ka ja igiyar. Haka ake yi."

"Abin da nake shirin yi ke nan ka katse ni."

Ya tattara zane ya hau sirdi, ya gyara zama. Ya sunkuya dama, ƙaras-ƙaras, babur ya duƙa. Ya sunkuya hagu, ƙaras-ƙaras-ƙaras, yana yi yana kallon jama'a yana murmushi. Babur ya zauna daram, ko girgiza shi aka yi sai dai motar ta girgiza. Har wasu suka tafa. Carsiwan ma ya gyaɗa kai. Tarjuki ya kakkaɓe hannu ya yunƙura zai sauka, sai ya ji an riƙe shi ta ƙasa.

Ya saci kallo. Bakin zanensa na hagu ya bi igiya ya shige cikin ƙarfen nan mai haƙora, ya naɗe a ciki wajen taƙi guda. Ya ɗan fizga. Ko motsi.

"Maigida, sauko mana, motar dattawa na jira," in ji Wasriah.

"A nan zan tafi."

"A ina?"

"A nan. Dokar jirgi ce, wanda ya ɗaure kaya shi ke zama da kaya."

Wasriah ta kalle shi, ta kalli ƙafarsa ta hagu da ya matse a jikin ƙarfen. Shekara talatin suna tare, ta san duk irin fuskar da yake yi. Ta danne dariya. "Allah ya kiyaye hanya, kyaftin," ta ce, ta tafi tana riƙe da ciki.

Daga Karangsari zuwa Wanasari kilomita goma sha biyu ne, duk ta tsakiyar gonakin albasa. Motoci biyar suka jeru, a-kori-kura a gaba, Tarjuki a kan babur a sama, kabad a bayansa, akuya a gefensa. Da suka bar gari sai ya ce to, yanzu babu idon kowa, bari ya kwance abinsa. Hankalinsa ya ba shi cewa hannun da ya ɗaure shi ne zai kwance, sai dai a san yadda za a juya shi. Ya ɗaga a hankali. Ƙaras. Ƙarfe ya ƙara haɗiye yatsa biyu na zane. Ya ce wataƙila da sauri ake yi. Ƙaras-ƙaras. Ya ce wataƙila sai an yi bismilla. Ya yi, ƙarfe ya ci da bismilla.

Tun yana jin zanen a ƙugu har ya ji naɗin ya fara warwarewa yana sulalewa ƙasa. Ya yi wuf ya damƙe shi da hannun hagu. Daga nan hannu ɗaya ya rage masa a duniya.

Matan da ke cirar albasa suka miƙe daga kunya suna kare rana da hannu.

"Kai, ga ango can a kan babur!"

"Wannan ango ai ya kwana biyu!"

"Baba, amaryar ta gan ka kuwa, ko a waya aka daidaita?"

Tarjuki ya ɗaga musu hannun dama irin na manya. A daidai nan mota ta faɗa rami, ya yi sama ya dawo, hula ta tashi ta sauka a magudanar gona. Bai gama jimamin hula ba ya ji ana jan aljihunsa. Akuya ce. Takardar jawabin miƙa lefe, wadda ya kwana uku yana rubutawa, ita ce ta biyo bayan takardar bayani. Ya kai mata mangari, ta kauce, hannunsa ya sauka a kan ƙarfen. Ƙaras.

Carsiwan ya leƙo ta taga. "Pak, lafiya dai a can sama? Ina jin kana ta ƙara ɗauri."

"Haka ake yi. Kaya na son a riƙa lallaɓa su."

"Kada dai ka fasa shokozoba."

"Kai dai kalli hanya!"

Goma saura kwata suka shiga Wanasari. Ƙofar gidan Haji Sodikun ta cika maƙil, an kafa rumfa an rataya ganyen kwakwa, mata sun yi layi da tire. Aka sauke kabad, aka sauke katifa, aka ja akuya tana gyatsa. Aka sassauke gefunan bodi, motar ta zama kamar dandamali, Tarjuki a kai shi kaɗai, kai ba hula, gumi har cikin kunne. Al'ada kuwa ita ce mai magana da yawun dangin ango ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa kaya da baki. Kowa ya zuba masa ido.

"Bismilla, Pak, sauko," in ji Haji Sodikun. Gajere ne, mai ƙananan idanu, hannu a baya.

"Daga nan zan yi, Pak Haji. Murya ta fi tafiya daga sama."

Ya yi gyaran murya. Duk abin da ya rubuta yana cikin akuya. Ya yi sallama sau biyu, ya yi salati, ya sake sallama. "To... mu dai mun zo. Daga can. Mun kawo kaya. Ga kabad, ga... ƙwai an samu akasi. Ga kuma wannan babur, mun miƙa shi gare ku, shi da duk abin da ke kansa."

Haji Sodikun ya karkata kai.

"Da duk abin da ke kansa?"

"Ƙwarai."

"To, madubi mun gani, leda mun gani. Dattijon fa, shi ma cikin lefen yake?"

"Cikin lefen yake, Pak Haji!" Muryar Wasriah ce ta tsaga taron. "Ku riƙe shi! Kuma mu a danginmu ba a mayar mana da kaya!"

Dariya ta ɓarke har masu dafa abinci suka fito da ludaya a hannu. Haji bai yi dariya ba, ya dai matso ya sunkuya. "Af. Ashe ba zama yake ba, ɗaure yake."

Carsiwan ya hau ya duba ƙarfen, ya ja wani ɗan harshe da ke cikin hannun, ya buga, ya yi tsaki. "Ya shaƙe. Kai Pak, kamu nawa ka ba shi?" Wani ya kawo wuƙa ya ce a yanke igiyar. Casmadi ya yi ihu, domin igiyar a manne take da jan fenti. Wani ya ce to a yanke zanen.

"Wanda ya taɓa zanen nan sai mun je gaban hukuma!" in ji Tarjuki. Ba zanen yake ji ba. Shi kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashinsa, shi da Wasriah.

Malamin ɗaurin aure ya leƙo daga ɗaki yana nuna agogo. Haji ya ce ba a ɗaura komai sai ya ga babur da idonsa, gaba da baya, babu mutum a kai. Casmadi ya tsaya kamar an dasa shi.

Sai ga amarya da kanta. Rasmini ta fito cikin fararen kaya, furen yasmin na lilo a gashinta, ƙawaye na bin ta suna salati. Tun tana 'yar makaranta take kula da lodin motocin albasar ubanta, igiyar nan ta san ta kamar tafin hannunta. Ta tsaya a gefen mota ta leƙa.

"Sannu da hanya, Kawu. Wannan na hagun ya ƙoshi, ba zai saki ba sai an rage masa nauyi. Zan saki na dama. Da na saki, babur zai yi tsalle ya faɗo hagu. Ka riƙe shi da hannu biyu."

"'Yata, ni za ki koya wa? Ni da na..."

"Hannu biyu, Kawu."

Ta zagaya, ta sa yatsa mai lalle ta ja ɗan harshen nan, ta buɗe hannun ƙarfen ya miƙe. Tas! Igiya ta saki. Shokozoba da aka danne tun Karangsari ta miƙe da ƙarfi, babur ya yi tsalle kamar ɗan akuya, igiyar hagu ta fizge shi. Tarjuki ya sulluɓo ta hagu ya dira da ƙafa, hannun dama a kan babur, na hagu a ƙugu. Hannu ɗaya ya kasa. Jan fentin nan yana gangarowa kai tsaye zuwa bakin ƙarfen bodi. Ya ga fuskar Casmadi a cikin jama'a, baki buɗe, ba sauti.

Ya saki zanen.

Ya rungumi babur da hannu biyu, zane ya zube a idon sawu ya harɗe shi, ya tafi da baya ya faɗi rigingine, babur ya sauka a kan tumbinsa, tim. Babu inda jikin babur ɗin ya taɓa ƙarfe. Ƙafafun Tarjuki biyu suka leƙo ta ƙasa suna harbin iska, ga kuma gajeren wando fari da Wasriah ta ɗinka masa da buhun fulawa, rabinsa a waje. Wani malamin makaranta da ke gaba ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, don na baya su amfana: "Kilo ashirin da biyar. A ajiye a busasshen wuri."

Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa don dariya. Masu mandiri, waɗanda har yanzu rigunansu ba su bushe ba, suka ɗauki kiɗa ba wanda ya sa su.

Haji Sodikun ya hau bodi a natse. Ya zagaya babur sau biyu, yana tsallake ƙafafun Tarjuki. Ya shafa gaba, ya shafa baya, ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa har hancinsa ya kusa taɓa na Tarjuki, ya sa bakin riga ya goge madubi. Sannan ya miƙe.

"Babu ƙwarzane. Mun karɓa."

Guɗa ta tashi. Casmadi ya haye motar da kayan angoncinsa, ya durƙusa a gefen kan kawunsa, yana dariya hawaye na zuba. "Kawu, ka ji ciwo?"

"Babur ɗin fa?"

"Lafiya lau, Kawu. Ko ɗigo."

"To madalla." Ya lumshe ido, ya ja numfashi iya abin da babur ya bar masa. Samari huɗu suka kama za su ɗaga, ya ƙanƙame shi da sauri. "Kai! Kada wanda ya ɗaga! Shi ne kaɗai suturata! Wasriah! Wasriah, nemo min zane!"

"To, Maigida," in ji Wasriah.

Ta juya ta nufi cikin gida. A bakin ƙofa aka miƙo mata kwanon shinkafa da naman kaza, ta ga ba ladabi ba ne baƙuwa ta ƙi abincin surukai, sai ta ja kujera ta zauna.